Rauta ta yi zafi, intanet na yankewa: tambayoyi da amsoshi kan gano matsalar da gyara ta

Rautata tana da ɗumi idan na taɓa ta. Ta lalace ke nan?

A'a. Rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet ta waifai, duk wadda ke aiki sai ta yi ɗumi, domin wutar da take ja kusan dukkanta zafi take komawa, kuma yawancin na gida ba su da fanka a ciki. Ɗan ƙarfe ne kawai aka manna a kan ƙwaƙwalwarta yana zuƙe zafin, iska kuma tana shiga ta ramukan ƙasa ta fita ta na sama. Abin damuwa shi ne idan ka ɗora tafin hannunka ka kasa barinsa na 'yan daƙiƙu, ko ka ji warin roba mai ƙonewa, ko ka ga jikinta ya fara lanƙwashewa ko canza launi. Idan akwai wari, cire ta daga wuta nan take, kada ka tsaya gwaji.

Wane irin zafi aka ƙera ta ta iya ɗauka?

Duba takardar da ta zo da ita. Yawancin rautocin gida an rubuta musu su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Selshiyas, kuma zafin ɗakin ake nufi, ba na cikin na'urar ba. Nan ne gizo ke saƙar. A watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai yakan haura 40. Ɗaki mai rufin kwano babu silin kuwa, da misalin ƙarfe biyu zuwa huɗu na rana, sai ya fi waje turiri. Wato rautar ta riga ta kai iyakarta tun kafin kowa ya buɗe bidiyo. Shi ya sa na'urar da ta yi aiki lafiya lau tun hunturu take fara rigima da shigowar bazara.

Ta yaya zan bambance tsakanin zafi da matsalar sabis?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, don mutane da yawa sun sayi sabuwar rauta alhali laifin na kamfanin sadarwa ne. Fara da lura da lokaci. Matsalar zafi tana da tsari: da asuba komai daidai, bayan azahar gudu ya ragu, sai yankewa, wani lokaci fitilun su mutu gaba ɗaya su sake kamawa kamar an ɗauke wuta an dawo da ita. Cunkoson sabis kuwa ya fi yawa da daddare, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau waya.

Sannan ka duba abin da ya ɓace. Idan wayarka tana nan haɗe da waifai amma shafuka ba sa buɗewa, rubuta adireshin rautar a burauza. Yana jikin takardar da ke manne a ƙarƙashinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu masu sim kuma 192.168.8.1. Idan shafin saitinta ya buɗe da sauri, rautar tana raye, matsalar daga waje take. Idan sunan waifai ɗin ne ya ɓace daga jerin, ko shafin ya ƙi buɗewa kana tsaye kusa da ita, to laifin na cikin gida ne.

Gwajin da ke yanke hukunci shi ne na fanka. Kashe rautar, ka bar ta ta huce na minti 20 zuwa 30. Kunna ta, ka saita fanka tana hura ta kai tsaye, ka yi amfani da ita yadda ka saba a daidai lokacin da take yankewa. Yi haka kwana biyu. In ta daina, zafi ne. In ta ci gaba duk da jikinta ya yi sanyi, nemi dalili a wani wuri.

An tabbatar zafi ne. Daga ina zan fara?

Daga inda ka ajiye ta. Sauke ta daga kan dikoda, inbata ko bayan talabijin, don waɗannan duka nasu zafin suke fitarwa. Fito da ita daga cikin kabad ko durowa. Kada a ɗora ta kan katifa, kafet ko kujera mai laushi, saboda suna toshe ramukan ƙasa inda iska ke shiga. A cire ɗan kyallen da ake lulluɓa mata don kare ƙura, ko da na ado ne. Ka bar mata sarari kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe, ka ɗaga ta da murafun kwalba huɗu idan ƙafafunta gajeru ne. Idan tana da ramin rataya a baya, rataye ta a bangon da rana ba ta duka.

Sai ƙura. Bayan hunturu ɗaya za ka ga ramukan sun yi dam da jar ƙasa mai laushi kamar gari. Cire wuta, ka goge da busasshen burushi mai taushi, ka juya ta ƙasa ka ɗan bubbuga. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙaramar fanka mai amfani da USB, wadda ke cin bolt 5, ta isa ta riƙe ta har damina ta sauka.

Zan iya sa ta cikin firij ko in ɗora mata ƙanƙara?

Kada ka yi. Da ta fito, raɓa za ta taru a kan allon cikinta, ruwan kuma ya haɗa wayoyi ko ya ci su da tsatsa.

Cajarta ce ke zafi fiye da ita kanta. Wannan fa?

Sau da yawa cajar ce mai laifin, ana ta zargin rauta. Caja da ta tsufa, ko wadda wutar janareta mai hawa da sauka ta gajiyar, takan kasa riƙe ƙarfinta idan ta yi zafi. Da mutane sun taru a kan waifai rautar ta nemi ƙarin wuta, sai ƙarfin ya faɗi, ta mutu ta sake tashi. Karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin rautar, misali 12V 1A. Lambar farko dole ta zo daidai: kada a sa mai 12V a na'urar 9V don kawai bakin ya shiga. Lamba ta biyu za ta iya fin wadda aka rubuta, amma kada ta gaza. A duba ɗan zanen da ke nuna wane ɓangaren baki ne mai alamar tarawa, shi ma ya dace. Ari caja mai kyau ka gwada kwana ɗaya kafin ka kashe kuɗi.

Me ya sa masu sim suka fi saurin zafi?

Saboda aiki biyu suke yi: suna magana da turken sadarwa, suna kuma rarraba waifai. Idan sabis ya yi rauni, na'urar tana ƙara ƙarfin aikawa don turken ya ji ta, zafi kuma ya ƙaru. Matsar da ita kusa da taga yana taimakawa, amma tagar da ke inuwa. Ƙananan na aljihu masu batir sun fi buƙatar kulawa. Barin su a caji dare da rana cikin zafi yana kumbura batirin. Idan murfin baya ya fara ɗagawa, daina amfani da ita har sai an canza batir, kuma kada a huda ko a danne wanda ya kumbura, don yana iya kamawa da wuta.

Yaushe zan haƙura in sayi sabuwa?

Idan ka gyara wurin ajiya, ka share ƙura, ka canza caja, ka sabunta manhajar cikinta daga shafin saiti, amma har yanzu tana mutuwa ko da sanyin safiya, to zafin ya riga ya yi ɓarna. Mai gyara idan ya buɗe yakan tarar da kafasita, waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan allo, kansu ya kumbura ko sun yi tsatsafa. Canza su aiki ne mai sauƙi ga wanda ya iya dalma. Idan kuwa ƙwaƙwalwar ce ta taɓu, kuɗin gyara ba zai biya ba. In tana cikin garanti, kada a kwance ko ƙusa ɗaya, a mayar da ita inda aka saya tare da rasit.