Tatsuniya mai sabon zubi: me ake nufi da ita?

Wani dare aka ɗauke wuta a layinmu na Tudun Wada, wayoyin yara duk caji ya ƙare, sai dole aka fito tsakar gida aka kewaye Hajiya. Ta ce ga ta nan ga ta nanku, aka ce ta zo mu ji ta, ta ɗauko ta Ruwan Bagaja. Ta kawo daidai inda mowa ta laƙaba wa 'yar bora laifin ɓata ƙirgi, aka ce ba inda za ta wanke shi sai a Ruwan Bagaja, sai jikarta mai shekara tara ta katse ta.

"Hajiya, to shi baban nasu yana ina ake duk wannan abin?"

Hajiya ta watsa mata harara. "Ke dai kishiyar nan tawa kin cika iyayi. Ki bari a kai ƙarshe mana."

Aka kai ƙarshe, aka yi ƙurunƙus, baban bai ce uffan ba. Irin wannan tambaya ta yarinyar ce uwar abin da masu Turanci ke kira retelling, kalmar da masu karatun littattafai da masu bin finafinai ke yawan jefawa a hirarsu ta intanet. A Hausa wasu kan ce sake saƙa tatsuniya, wasu su ce sabunta ta. Ni na fi jin daɗin tatsuniya mai sabon zubi, domin zubi ake canzawa, kayan haɗin na nan.

Abin da ake yi shi ne a ɗauko tatsuniyar da kowa ya sani, a bar ƙashin bayanta yadda mai sauraro zai gane ta tun daga nesa, sannan da gangan a juya wani abu: bakin da labarin ke fitowa, ko wanda ya yi ceto, ko wanda aka ɗora wa laifi, ko yadda aka ƙare. Ta sha bamban da fassara, domin mai fassara amana aka ba shi. Ta kuma sha bamban da satar fasaha, domin ɓarawon labari fatansa kada ka san inda ya ɗauko, shi kuwa mai sabon zubi in ba ka san tsohuwar ba rabin aikinsa ya tafi a banza. Daɗin yana wajen kwatantawa, ka riƙa jin tsohuwar tana motsi a ƙarƙashin sabuwar.

Masu ƙorafi sukan ce an ɓata labarin asali. To, wane ne asalin? Ɗauki Sindirela. Takalmin gilashi da kabewar da ta zama keken doki daga littafin Charles Perrault suka fito, wanda aka buga a Faransa a 1697. Amma tun ƙarni na 9 an rubuta labarin Ye Xian a ƙasar Sin, marainiyar da matar uba ke gallaza wa, ƙasusuwan wani kifi suka taimake ta, takalminta ya faɗi, sarki ya bi sawu. A ruwayar 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, 'ya'yan matar uban har yanke yatsa da diddige suka yi don ƙafa ta shiga takalmi. Su kansu Grimm ɗin ba su bar abin da suka tattara yadda suka ji shi ba. Daga bugun farko na 1812 zuwa na bakwai a 1857 gyara suke ta yi. A bugun farko, muguwar sarauniyar da ta sa a kashe Snow White uwarta ce ta cikinta. A bugun 1819 suka mayar da ita matar uba, don kada a ce uwa ta yi haka. Ka ga ke nan muguntar da duniya ta haddace a kan matar uba, wani ɓangarenta alƙalamin maza biyu ne ya ɗora mata.

Mu ma nan ba baƙon abu ba ne. Abubakar Imam a Zariya ya zauna ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da na Grimm da wasu wurare, ya sa musu riga da rawani a Magana Jari Ce, har yau da yawa suna ɗauka a nan aka haife su.

Abin da ya sa kalmar ta yi ƙarfi a zamaninmu shi ne kamfanin Disney. Finafinansa na zane guda uku, Snow White a 1937, Cinderella a 1950 da Sleeping Beauty a 1959, sun kafa wa duniya hoton gimbiya guda ɗaya: kyakkyawa, mai sanyin hali, mai shara da waƙa, wadda wata mace ke ƙi saboda hassada, ta zauna ko ma ta yi barci har ɗan sarki ya iso. Biyu daga cikin ukun a kwance suke kamar gawa lokacin da aka cece su. A shekarun 1970 marubuta mata a Amurka da Ingila suka fara tambayar me wannan hoto ke koya wa yarinya. Wadda aka fi ambata ita ce Angela Carter, da littafinta The Bloody Chamber na 1979. Ta ɗauki labarin attajirin nan mai auren mata yana kashe su yana tara gawarwakinsu a wani ɗaki da ya hana amarya buɗewa. A ruwayar Perrault 'yan'uwan amarya maza ne suka iso da takubba suka cece ta. Carter ta bar amaryar ta ba da labarin da bakinta, kuma wadda ta sukwano kan doki ta bindige mijin ita ce uwarta.

Sai da aka daɗe kafin kasuwa ta bi. A fim ɗin Brave na 2012 gimbiya ta shiga gasar harbin kibiya da aka shirya wa masu neman aurenta, ta cinye su, sauran labarin kuma tsakaninta da mahaifiyarta ne. A Frozen na 2013 yariman da ya zo da daɗin baki shi ne macucin, ƙaunar da ta karya sihiri kuma ta ƙanwa ce ga yayarta. Maleficent na 2014 ya ɗauki muguwar aljanar da ta yi wa jaririya baki a labarin Sleeping Beauty ya ba ta nata tarihin, aka ga wanda ya fara cutarta, sumbar yarima ta kasa tayar da mai barci, sai tata ta tayar. Moana ta 2016 ko saurayi ba a yi mata ba. Wanda ya duba zai ga dabarun ba su da yawa: a sa yarinya ta ceci kanta, a mayar da gaba tsakanin mata ta zama zumunci, a saurari wadda aka kira mayya, a daina mayar da ɗaurin aure ƙofar rufe labari.

Ba duk sabon zubi ne ke burge ni ba, gaskiya. Akwai na ragwanci, wanda ake miƙa wa yarinya takobi a ce an gama. Ta yi tsalle, ta yi duka, ta raina duk wadda ke tuƙa tuwo, kuma har yanzu siririya ce mai manyan idanu wadda za a buga hotonta a jakar makaranta a sayar a kasuwar Sheikh Gumi. Wannan namijin dā ne aka ɗaura wa zane. Kalmar jaruma ma tana ƙara rikita mu, tunda yanzu duk wadda ta fito a fim jaruma ake ce mata, ko da kuka kawai ta yi daga farko har ƙarshe. Tambayar da ta fi amfani ita ce: wa ya yanke shawarar da ta juya labarin? In ita ce, ko tsintsiya ke hannunta labarin nata ne.

A nan ne nake ganin masu ɗauko muhawarar Turai su dasa ta a kan tatsuniyar Hausa ba gyara suke kuskure. 'Yan matan tatsuniyarmu ba barci suke yi ba. 'Yar bora ita kaɗai ta ɗauki ƙirginta ta shiga daji. Ta iske kogin tuwo da miya, ta iske na zuma, kowanne ta tambaye shi ko shi ne Ruwan Bagaja, ya yi mata tayi, ta ƙi ci ta wuce. Ta kwana a gidan da cinya ke gurnani kare na fassarawa, ba ta yi dariya ba, ba ta gudu ba. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi ta dafa, ta dafa, tukunya ta cika. Ta dawo gida a kan doki da dukiya, kuma a yadda Hajiya ke ba da ita, babu ɗan sarkin da ya je ɗauko ta. Wace Sindirela ce ta yi wannan tafiya? Kada kuma a manta mata ne masu tatsuniya a gidan Bahaushe, kaka da gwaggo da yaya, da dare bayan an ci tuwo. Littattafan da suka fara tattara su, irin na Frank Edgar da aka buga tsakanin 1911 da 1913, maza ne suka rubuta, amma abin a ɗakin tsohuwa ya girma.

Matsalar tamu daban take. Yarinyarmu tana tafiya, amma makaminta ɗaya ne, ladabi. Da shi 'yar bora ta ci, da shi yarinyar Daskin-da-riɗi ta ci, don ita kaɗai ta tsaya ta cuɗa wa tsohuwa baya har aka faɗa mata sunan saurayin. Ba wanda ke faɗa da ladabi. Sai dai an zalunce ta a gaban kowa, kuma ba a taɓa jin ta ce ba ni na yi ba. Sannan mugu a kullum mace ce: kishiya, mowa, 'yar mowa, tsohuwa mai kai gulma fada. Maigidan da ya ajiye mata biyu ya fifita ɗaya, wanda shi ya ƙirƙiro bora da mowa tun farko, yana zaure abinsa, babu mai tuhumarsa. Ƙoƙi kuwa shekara da shekaru tana jure wa ƙaryar Gizo da haɗamarsa, ba a taɓa tambayarta yadda ta ji ba. (Wani abin da ya kamata mai sabon zubi ya duba: hukuncin 'yar mowa shi ne ta dawo da rakiyar kutare da makafi. Yaron da ke da makaho a gidansu yana zaune a wajen yana ji.)

Marubutanmu mata sun riga sun fara wannan aiki, ko da ba su kira shi da wannan suna ba. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, akwai uwargida da amarya kamar yadda aka saba, amma idon labarin a kan Alhajin yake, wanda ya kori Rabi da 'ya'yanta, ita kuma ta kama sana'ar abinci ta riƙe su. Ba tatsuniya ba ce, amma tambayar jikar Hajiya ce aka amsa da littafi guda.

Na san masu cewa duk wannan hanya ce ta shigo da aƙidar Turawa a lalata tarbiyya, a koya wa 'ya'ya mata raina aure da haƙuri. Ba zan ce tsoronsu ba shi da tushe ba, don akwai finafinan da iyaye a cikinsu ba su da aiki sai zama shinge. Sai dai garin da ke da makarantar 'yan mata mai sunan Sarauniya Amina a Kakuri ba ya bukatar aron mace mai yanke shawara daga Amurka. Haƙurin da aka zaɓa da wanda aka rasa yadda za a yi ba ɗaya ba ne, tsofaffin da ke ba da tatsuniyar sun fi kowa sanin haka.

Da ni mai ƙirƙirar labari ce, ba ma daga tatsuniya zan fara ba, daga labarin Bayajida zan fara. Kowane ɗan firamare ya san shi ta bakin baƙon: ya zo Daura da dare, ya nemi ruwa a gidan tsohuwa Ayana, ta ce ba a ɗiba a Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijiya, ya karɓi guga ya je ya sare kanta. A wasu ruwayoyin har takalminsa ɗaya ya bari a bakin rijiya, washegari aka shiga neman mai shi. Sindirela ke nan a juye, mace ke kan karaga, namiji ake nema da takalmi. Amma Daurama tana mulkin gari kafin ya zo, a bayan jerin sarauniyoyi da suka gabace ta, da fadawanta da dokokinta da rijiyar da ta san yadda take lallaɓawa. Ta yi masa tayin rabin gari, ya ce shi aure yake so. Daga kanta kuma sarautar Daura ta koma hannun maza. Daren da ta kwana tana juya wannan magana, da abin da ta ce wa Ayana in ta kira ta, babi guda ne cur da ba a koya mana a makaranta ba.