Kyamara marar madubi

Kyamara marar madubi kyamarar dijital ce da ake sauya wa ruwan tabarau, wadda aka cire mata madubin da ke cikin kyamarorin DSLR. A DSLR madubin ne ke karkata haske zuwa maleƙi, wato ƴar tagar da mai ɗauka ke sa ido, ya ɗaga sama duk sa'ad da aka danna. A marar madubi haske yana sauka kai tsaye kan sensa, wato fallen da ke karɓar hoto, kuma maleƙinta ƙaramin allo ne da ke nuna hoton yadda zai fito. Masu sana'ar hoto a Yamai sun fi saninta da sunanta na Faransanci, ibrid, domin da farko an ɗauke ta a matsayin tsaka-tsaki tsakanin kyamarar aljihu da DSLR.

Tarihi

Galibi ana ɗaukar Panasonic Lumix G1, wadda ta fito a ƙarshen 2008, a matsayin ta farko, ko da yake wasu na mayar da asalin zuwa Epson R-D1 ta 2004. G1 ba ta ɗaukar bidiyo ma. Sai GH1 ta 2009 ta zo da shi. Sony ta shigo da jerin NEX a 2010, Fujifilm ta fitar da X-Pro1 a 2012, shekarar da Olympus E-M5 ta zo da sensa mai motsi ta fuska biyar don rage rawar hannu. Duk da haka ƙwararru sun daɗe suna yi musu kallon kayan ƴan yawon buɗe ido.

Lamarin ya juya a 2013, da Sony A7 ta zo da cikakkiyar sensa mai milimita 36 da 24, daidai girman fim na da. Canon da Nikon, waɗanda suka riƙe kasuwar DSLR, ba su fito da nasu masu cikakkiyar sensa ba sai 2018, da EOS R da kuma Z6 da Z7. Nikon Z9 ta 2021 ta yar da shatar ƙarfe, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa lokacin ɗauka, gaba ɗaya.

Cire madubi ya rage tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa: daga milimita 44 zuwa 20 a Canon, daga 46.5 zuwa 16 a Nikon, 18 a Sony. Wannan ne ya sa ake iya ɗaura tsofaffin tabarau na DSLR da zoben haɗi, abin da ke da nauyi ga mai sana'ar da ya shekara goma yana tara kaya.

Zafi

Tallar kamfanoni ta fi ƙarfi kan yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigogin da ke haɗa hoto, amma a Sahel awon farko shi ne zafi. Yawancin kyamarorin an ƙayyade musu aiki tsakanin digiri 0 da 40, Yamai da Tawa kuwa suna wuce 40 a Afrilu da Mayu, kafin ma baƙin jikin kyamara ya sha rana. Ɗaukar hoto ba ya cika jawo matsala. Bidiyo mai babban inganci irin na 4K ne ke sa sensa da na'urar sarrafawa aiki babu hutu, har alamar zafi ta fito kyamara ta kashe kanta. Canon R5 ta 2020 ta sha magana kan haka wajen ɗaukar 8K, kuma daga baya sabunta manhajarta ya sassauta lamarin.

Gwajin da ya dace shi ne a kunna bidiyo a ingancin da za a yi aiki da shi, a inuwa, wajen ƙarfe biyu na rana, a duba minti nawa ta jure, a kuma duba tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta huce. Wannan na biyun ne ake mantawa da shi, alhali ɗaurin aure ba ya jiran kyamara. Janye allon baya daga jikinta yana taimakawa kaɗan. Masu fanka a ciki, irin su Panasonic S1H da Sony FX3, sun fi dacewa da doguwar ɗauka kamar wa'azi ko taro.

Ƙura

Da an cire tabarau, sensa tana fili. A lokacin hunturu sauyi guda a waje ya isa ya bar ɗigo a kowane hoto. Ana ganowa ta hanyar matse ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22 a ɗauki farin bango ko sararin sama, sannan a faɗaɗa hoton a kwamfuta. Wajen sauyi a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a juya wa iska baya. A fara da roba mai hura iska. Hurawa da baki na barin yawu da ya fi ƙurar wuyar fita. In ɗigon ya kafe, sai tsinken goge sensa mai daidai faɗinta, da ɗigo ɗaya ko biyu na ruwansa, a ja sau ɗaya. Wasu samfuran suna rufe sensa idan an kashe su, kuma a Nijar wannan ya fi ƙarin megafiksel goma amfani.

Wuta, batir da kati

Wutar Nijar tana kan hats 50, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka a ƙarƙashin fitila ana ɗaukar bidiyo kan firam 25 ko 50 a daƙiƙa, da shata 1/50 ko 1/100. Kyamarar da aka sayo daga Amurka tana zuwa a kan 30 ko 60, kuma in ba a sauya ba hoton zai riƙa ƙyaftawa. Shatar lantarki marar ƙara ma tana jawo layuka a ƙarƙashin fitilun LED.

Maleƙin allo yana cin batir fiye da na madubi. Sony A7 III, da ake yaba wa, an ƙiyasta mata hoto 710 a caji guda da allon baya, 610 da maleƙi. Inda wuta ke yankewa, batir uku da kyamara mai karɓar caji ta USB-C su ne mafi ƙanƙantar shiri.

Katin ajiya mai lambar V30 yana rubuta aƙalla megabait 30 a daƙiƙa, V60 da V90 kuma bisa lambarsu. Bidiyo mai megabit 400 a daƙiƙa yana buƙatar megabait 50, domin megabit takwas ne megabait ɗaya, don haka V30 na iya tsayawa tsakiyar aiki. Mai megabit 100 yana cin gigabait 45 a awa. Mazaunin kati biyu, kowanne na ajiye kwafi, wajibi ne ga mai aikin biki.

Fokas da launi

Ana gwada bin ido da fuska a kan baƙar fata cikin ƙarancin haske, da fuskar da rawani ko mayafi ya rufe rabinta, domin nan ne wasu ke ɓata. Filin kokowar gargajiya, da ƙurarsa da saurinsa, ya fi kowane ɗaki nuna iyawarta. Bidiyo mai bit 10 yana da matakin launi 1024 a kowane launi, mai bit 8 kuwa 256, kuma bambancin yana fitowa ne wajen gyaran farar shadda kusa da fuska. Batun kamfanin da launinsa ya fi kyau kan fata, ba a daddale ba.

Ta hannu

In ta hannu za a saya, a duba adadin dannawar shata, a haska sensa don neman ƙarci, a gwada kowane mazaunin kati da kafar makirfo, a kuma leƙa cikin tabarau ko danshin damina ya bar fumfuna.