Me ake nufi da mayar da kaset "dijital"?

A gidaje da yawa akwai wani kwali a saman durowa ko ƙarƙashin gado, cike da kaset-kaset na bidiyo da aka rubuta wa suna da biro: "Bikin Anti", "Suna 1996", "Hawan Daushe", "Walimar sauka". Ba a zubar ba domin an san abin da ke ciki, ba a kuma kallo domin bidiyon gidan ya mutu tun zamanin da sidi ya shigo. In zancen ya taso, sai wani yaro ya ce, "Ai sai a mayar da su dijital." Kowa ya gyaɗa kai, a tashi ba tare da an san me za a yi ba.

Kalmar ta aro ce, kuma tushenta lamba. Abu ya zama dijital idan an rubuta shi da lambobi, sifili da ɗaya, yadda kwamfuta da waya za su iya karantawa. Kaset ba haka yake ba. Baƙin zaren da ke cikinsa leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai ɗaukar maganaɗisu, hoto da murya kuma suna kwance a kai a matsayin tashi da saukar ƙarfin maganaɗisun. Wannan shi ake kira analog.

Ga misalin da zai raba su. Ka ba mutum zanen fuska ya kwafa, wani ya kwafa daga nasa, wani daga na wancan: kafin hannu na biyar fuskar ta zama ta wani. Amma ka ba shi lambar waya ya kwafa, ko rubutunsa kamar tafiyar kaza ne, bakwai tana nan bakwai. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Hausa a kaset da aka juya daga wani kaset, shi ma daga wani, ya ga misalin farko da idonsa: fuska dishi-dishi, jan kaya yana malala kamar an zuba masa ruwa. Mayar da kaset dijital shi ne a fitar da hoton daga sahun zane a shigar da shi sahun lamba, inda kwafi ba ya rage masa komai.

Sai dai wajen tsallakawar ne ake yawan samun kuskuren fahimta. Mutane suna zaton kamar tura waƙa ce daga waya zuwa waya. A'a. Kaset ba shi da fayil a ciki da za a ɗauko. Dole a kunna shi a bidiyo ya yi ta tafiya daga farko har ƙarshe, wata 'yar na'ura tana tarar abin da ke fitowa tana aunawa tana mayarwa lamba. Wannan tarewar ita masu haɗa hoto ke kira kafca. Kaset mai awa uku, wanda aka rubuta wa E-180, awa uku zai ci, babu gaggawa. Kuma abin da bidiyon ya nuna a ranar shi ne abin da za ka mallaka har abada. In hoto ya yi rawa a lokacin, rawar ta shiga fayil.

Shi ya sa, a ganina, wanda ya kashe kuɗinsa kan kwamfuta mai tsada ya haɗa ta da gajiyayyen bidiyo ya yi gini ba tushe. Bidiyon ne uban tafiya, kuma shi ne ke neman gagara. Kamfanin JVC na Japan ya fito da tsarin VHS, wato irin kaset ɗin bidiyon gidajenmu, a 1976, shekara guda bayan Betamax na Sony. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar, ya daina a watan Yulin 2016. Tun daga nan sai na hannu: wajen 'yan gwanjo, ko shagon tsohon mai gyaran rediyo, ko ɗakin wata kaka. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar IASA ta masu adana sauti da hoto sun yi gargaɗi cewa kayan kunna kaset da kayan gyaransu suna ƙarewa, har suka ambaci wajajen 2025 a matsayin lokacin da abin zai yi wuya. Wato kaset ɗinka yana iya zama lafiya lau, a rasa abin da zai karanta shi.

In an samo bidiyo, kada a fara da kaset ɗin bikin mahaifiya. A jarraba da wanda ba a damu da shi ba, domin na'urar da ta shekara ashirin a ajiye belinta ya saki, tana iya tauna zare. A duba ta gilashin kaset: in an ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce, wadda laimar damina ke haifarwa. Irin wannan ba a saka shi haka nan, zai toshe hed, wato ɗan kan da ke karanta zaren a cikin bidiyo, ya kuma shafa wa kaset ɗin da za a saka bayansa. Ƙurar hunturu ma tana toshe hed, sai allo ya cika da yayyafi. Ana goge hed ɗin da tsantsar sifirit da farar takarda a hankali. Auduga kan maƙale ta karya shi. Akwai kuma wani ɗan harshe na roba a bayan kaset: a ɓalle shi, don ko hannu ya kuskure ya taɓa maɓallin ɗauka, ba abin da zai goge.

Wani abin tuntuɓe shi ne tsarin talabijin. A zamanin kaset, Najeriya da Ghana PAL suka bi, hoto 25 a daƙiƙa. Amurka da Japan NTSC, kusan hoto 30. Nijar ta bi SECAM irin na Faransa, kuma kaset da aka naɗa a wannan tsari yakan fito baƙi da fari a na'urar da PAL kaɗai ta sani. Bidiyon da aka kawo daga Amurka yawanci ba ya kunna kaset ɗinmu, ga shi wutar 110 yake sha, ka soka shi a soket ɗinmu ya ƙone. Wanda aka rubuta wa yana karanta tsari da yawa shi ya fi kwanciyar hankali.

Daga bayan bidiyon wayoyi uku ke fita, waɗanda kowa ya sani: rawaya ta hoto, fara da ja na murya. Su ake sokawa a na'urar kafca, ita kuma a soka ta a USB na kwamfuta. Akwai masu arha da ake sayarwa da sunan EasyCap, sa'a ce: wata ta yi aiki, wata ta wanke launi ko ta riƙa zubar da hotuna. Na kamfanoni irin su Hauppauge da I-O Data da Elgato sun fi amana. Manhajar ɗauka kuwa ba sai an saya ba. OBS Studio kyauta ce kuma tana da sauƙi. Masu tsananin son inganci sun fi riƙe tsohuwar VirtualDub. A saita girman hoto 720 da 576 in PAL ne, 720 da 480 in NTSC ne. Ɗaga shi zuwa HD a wajen ɗauka ba ya ƙara komai, domin VHS tun asali layin kaifinsa bai wuce wajen 240 ba. Wanda ya ce zai mayar maka da kaset ɗin 1994 tar kamar hoton wayar yau, kumbura shi kawai zai yi.

Matsalar da ta fi ba mutane haushi ita ce a kai tsakiyar fim sai a ga baki ya motsa, magana ta biyo baya. Dalili shi ne zare ba ya tafiya daidai wa daida. Yana ɗan jan ƙafa yana ɗan sauri. Tsohuwar talabijin ba ta damu ba, amma na'urar kafca tana rikicewa ta yar da hoto, murya kuma ta ci gaba da tafiyarta. Maganinsa wata na'ura ce da ake kira TBC, mai daidaita lokacin siginar kafin ta isa kwamfuta. Tana da tsada. Masu dabara sukan ratsa wayar ta cikin tsohuwar na'urar naɗar DVD ta Panasonic, samfurin ES10 ko ES15, wadda ke miƙar da hoto mai karkacewa. In kuma aka ga gefen abu mai motsi ya yi haƙora kamar matsefi, ba lalacewa ba ce: talabijin ta da tana zana kowane hoto ne a zubi biyu, layi ɗaya a tsallake ɗaya, kuma manhaja irin HandBrake tana haɗe su.

Ƙananan kaset na kyamara labarinsu ya rabu biyu. Video8 da Hi8 analog ne, kafca ake yi musu daga kyamarar da ta ɗauke su. MiniDV kuwa, da ya fito a 1995, dama lambobi ne a kan zare. Ana zuƙo shi ta wayar FireWire ba tare da asarar komai ba, awa ɗaya ta ci kimanin gigabait 13.

Zancen gigabait ya kawo mu ga ajiya. Ɗauka mai matsin da ba ya rage inganci, da tsari irin FFV1 ko HuffYUV, tana cin wajen gigabait 30 a awa ɗaya. Wannan shi ne uwa, a ajiye shi a had-dis, a yi masa kwafi na biyu a wani gida dabam. Daga shi ake fitar da ƙaramin MP4 na gigabait ɗaya ko biyu don rabawa dangi. Wanda ya zagayo ta WhatsApp an matse shi, kada ya zama shi kaɗai ya rage. A yi aikin da laftof mai caji da wuta tsayayya, domin in an ɗauke wuta ana tsakiya, komawa farko za a yi, wani lokacin ma zare ya maƙale a ciki.

Kaset ɗin kansa ba a yar da shi bayan an gama. A mayar da zaren farko, a tsayar da shi a tsaye kamar littafi, nesa da rana da sifika, ko wata rana a sami na'urar da ta fi ta yau. Sunan fayil kuma kada a bar shi "bidiyo 1". A kira Hajiya ta zauna gaban allo, ta faɗi shekarar da unguwar, da sunan wannan dattijon mai jar dara da ke raba goro a minti na goma sha biyu, a rubuta a takarda a ajiye tare da fayil ɗin.