Me ake nufi da bayanin halayyar ɗan Adam ta fuskar juyin halitta?

Duk wanda ke bibiyar muhawarar maza da mata a Facebook ko X ya taɓa cin karo da wannan magana: "Ai haka namiji yake, kimiyya ma ta tabbatar." Mai faɗa yakan jingina maganar ne ga wani fanni da ke ƙoƙarin bayyana halayen mutum ta hanyar ka'idar juyin halitta. Fannin na gaske ne, ana koyar da shi a jami'o'i, amma abin da yake iya faɗa bai kai rabin abin da ake ɗora masa ba.

Tushen ka'idar shi ne littafin da Charles Darwin ya fitar a 1859. 'Ya'yan kowace halitta sukan bambanta da juna, wasu bambance-bambancen ana gadonsu, kuma wanda siffarsa ta fi taimaka masa ya rayu ya hayayyafa shi ne zai bar zuriya mai yawa. Bayan dubban zuriyoyi, siffar sai ta game jinsin. Darwin da kansa ya miƙa maganar zuwa ga ɗan Adam a 1871, ya kuma yi littafi kan fushi da tsoro da dariya a 1872. Masu fannin na zamani, irin su Leda Cosmides da marigayi John Tooby na Jami'ar Kalifoniya, suka ce idan ido da zuciya sun samu ta wannan hanya, to ƙwaƙwalwa ma haka, tare da abubuwan da take karkata gare su: tsoro, kishi, ƙyama, son dangi. Da yawa daga cikin masu karatu ba su yarda da wannan bayani na asalin mutum ba saboda aƙida, kuma wannan muhawara ce mai zaman kanta. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, yana da kyau ka san abin da masu ka'idar suka ce da abin da ba su ce ba, tunda da sunansu ake kafa maka hujja.

Inda fannin ya fi ƙarfi shi ne inda aka iya gwada shi. A shekarun 1980, Susan Mineka da Michael Cook sun yi gwaji da birai a Amurka. Biran da aka haifa a ɗakin gwaji ba sa tsoron maciji, sukan miƙa hannu ta kansa su ɗauki abinci. Sai aka nuna musu bidiyon wasu birai suna firgita da ganin maciji, nan da nan suka kamu da tsoron. Daga nan aka yi wa bidiyon kwaskwarima, aka cire macijin aka sa fure, ya zama kamar furen ne ya razana birin. Masu kallo ba su tsorata da fure ba. Wato ba tsoron kansa aka gada ba, saurin koyonsa aka gada, kuma ba ga kowane abu ba. A ganina wannan gwaji ya fi duk wani dogon bayani nuna yadda gado da koyo suke sarƙe da juna.

Akwai kuma batun dangi. William Hamilton ya nuna a 1964 cewa halitta na iya sadaukarwa don ɗan'uwanta tunda ƙwayoyin gadonsu sun yi tarayya, Robert Trivers kuma ya yi bayanin taimakekeniya tsakanin bare a 1971. Masana dabbobi sun amfana da waɗannan sosai. Rigima ta tashi ne da Edward Wilson na Jami'ar Harvard ya tattara su a 1975, ya rufe littafinsa da babi a kan mutum. Abokan aikinsa biyu, Stephen Jay Gould da Richard Lewontin, suka yi masa ca, har a 1978 masu zanga-zanga suka kwara masa ruwa a ka a wani taron masana a Washinton.

Zuba ruwa rashin ta-ido ne, amma sukar Gould da Lewontin tana da nauyi. Sun ce abu ne mai sauƙi ka ga hali, ka ƙaga labarin amfanin da ya yi wa kakanni, alhali hali ba ya barin ƙashi a ƙasa balle a tono a duba. Kuma ba kowace siffa ce ke da dalilin kanta ba. Jini ja ne saboda sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi, ba don jan launi ya taɓa ceton kowa ba. Bayanin da zai dace da rowa, ya kuma dace da kyauta idan ita aka gani, bai bayyana komai ba.

Maganar zaɓen abokin aure ita aka fi yayatawa. A 1989 David Buss ya wallafa binciken mutum sama da 10,000 daga al'ummomi 37, ya samu cewa maza sun fi mata damuwa da ƙuruciya da kyau, mata kuma sun fi maza duba abin hannu. Wannan ne masu muhawara ke ɗauka. Abin da suke tsallakewa shi ne, a binciken nan dai, kirki da basira sun zo gaba da kyau da dukiya a wajen jinsin biyu. A 1999 Alice Eagly da Wendy Wood suka sake duba alƙaluman, suka ga gibin yana raguwa a ƙasashen da mata ke da abin kansu. Sannan matsakaicin mutum dubu goma ba ya gaya maka halin saurayin da ke zuwa zance gidanku.

Su wa ake gwadawa ma? Wani nazari na 2010 da Joseph Henrich da abokan aikinsa suka yi ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi gwaji da su a manyan mujallun ilimin halayya sun fito daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na mutanen duniya, yawancinsu ɗaliban jami'a. Da irin wannan ake cewa "ɗan Adam".

Wani lokaci ma al'ada ce ke jan gado. Yawancin manya a duniya cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin ɗanyar madara. Amma a al'ummomin da suka daɗe suna kiwo, kamar arewacin Turai, gabashin Afirka da Fulani, ƙwayar gadon da ke ba babba damar shan madara ta yaɗu cikin shekaru 10,000 da suka wuce. Kiwon ne ya fara zuwa. Wanda bai gaji ƙwayar ba kuma dabara ta fisshe shi: in aka bar madara ta kwana ta zama nono ko kindirmo, sukarin yakan ragu, shi ya sa mai kasa shan madara yake dama furarsa lafiya lau.

Iyaka mafi girma ita ce tsakanin yadda abu yake da yadda ya kamata ya zama. Ko da an tabbatar kishi ko son kai yana da tushe a gado, wannan bai halatta duka ko cin amana ba. An taɓa haɗa biyun, an ga sakamakon. Francis Galton, wani dangin Darwin, ya raɗa wa aƙidar "gyaran iri" suna a 1883, wato aƙidar inganta zuriyar mutane ta hanyar zaɓen waɗanda za su haihu. Da ita aka hana mutum sama da 60,000 haihuwa da ƙarfin doka a Amurka, Kotun Ƙolin ƙasar ta amince a 1927, Jamus ta Hitila kuma ta kafa tata dokar a 1933, ta yi wa kimanin mutum 400,000 haka.