Guringuntsi a Ɗakin Bincike: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa guringuntsi ba ya warkewa kamar fata?

Fata na cike da jijiyoyin jini, shi ya sa yanka ke haɗewa cikin kwanaki. Guringuntsin gwiwa kuwa ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, ƙwayoyin halittarsa 'yan kaɗan ne, kuma daga ruwan gaɓa suke tsotsar abincinsu. Tun a 1743 likitan nan na Birtaniya, William Hunter, ya rubuta cewa idan ya lalace ba ya komawa yadda yake.

To, mene ne masu bincike suka cim ma?

A 1994 wasu likitoci a Gotenbag ta ƙasar Suwidin suka bayyana wata dabara: a yanko ɗan guntun guringuntsi daga gwiwar majinyaci, a raini ƙwayoyinsa a ɗakin gwaji har su yawaita, sannan a mayar da su inda ya zaizaye. Daga baya masana a Jami'ar Basel ta Suwizalan suka gano cewa ƙwayoyin guringuntsin da ke raba kafofin hanci biyu sun fi na gwiwa saurin hayayyafa, kuma a 2016 suka fitar da sakamakon dasa su a gwiwar mutum 10. Sai dai an yi wannan ne don rauni a wuri guda. Amosanin gaɓɓai da ya cinye gwiwa baki ɗaya wata matsala ce daban.

Ina alaƙar wannan da fata?

Hanci na cikin sassan da rana ta fi duka, don haka sankarar fata kan fito a kansa, musamman ga masu hasken fata da zabiya. Idan aka yanke ta, wani lokaci gefen hanci kan tafi da ita. Masanan Basel sun sake gina wannan gefe ga mutum 5 da guringuntsin da suka raina, aikin da aka wallafa a 2014.

Sankarar maƙogwaro fa?

Akwatin murya kansa guringuntsi ne. Zakaran wuya da kake taɓawa da yatsa ɓangarensa ne. Wani bincike a Amurka a 1991 ya nuna cewa haɗa magungunan sankara da gasa wurin da haske mai ƙarfi ya ceci akwatin muryar kusan kashi biyu cikin uku na majinyata. Amma idan cutar ta huda guringuntsin, yawanci sai an cire akwatin gaba ɗaya, mutum ya koma numfashi ta wata ƙofa da aka buɗe a gindin wuyansa.

Ba za a iya ƙera sabon maƙogwaro ba?

Da sauran rina a kaba. Daga 2011 likitan fiɗa Paolo Macchiarini na cibiyar nazarin likitanci ta Karolinska da ke Suwidin ya riƙa dasa wa mutane bututun iska na roba da aka shafa wa ƙwayoyin ɓargonsu, ba tare da isasshen gwaji a kan dabbobi ba. Yawancinsu sun mutu, kuma a 2023 kotun ɗaukaka ƙara a Suwidin ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi.