Ma'anar IRQ: yadda tsohuwar kwamfuta ke amsa sallama

IRQ taƙaitaccen suna ne na "interrupt request" a Turanci, wato neman katse hanzari. Idan modem (na'urar haɗa kwamfuta da layin tarho) ko linzami na da saƙo, sai ya yi wa ƙwaƙwalwar kwamfuta sallama. Ita kuma ta ajiye aikin da ke hannunta, ta karɓi saƙon, ta koma inda ta tsaya. Kowace na'ura da lambar ƙofarta. A kwamfutocin IBM da ire-irensu, kafar siriyal (inda ake jona modem ko linzami) ta farko, wato COM1, tana kan IRQ 4, COM2 kuma IRQ 3. Da COM3 da COM4 suka zo sai suka raɓa a waɗannan lambobi biyun, COM3 kan IRQ 4, COM4 kan IRQ 3, shi ya sa wanda ya jona linzami a COM1 da modem a COM3 yakan ga ɗayansu ya sandare.

Wajen gudu ne abin ya fi tsanani. Kafar siriyal tana tura bayani bit (wato 0 ko 1) ɗaya bayan ɗaya, harafi guda kuma yakan ci bit 10, har da na buɗewa da na rufewa. Guntun 8250, wato ɗan ƙaramin sashen lantarki mai kula da kafar siriyal, da IBM ta sa a kwamfutarta ta 1981, da ƙanensa 16450, ma'ajinsu na harafi ɗaya ne tak. Kowane harafi da sallamarsa ke nan. A gudun bit 9,600 a daƙiƙa, sallama 960 ce, da sauƙi. A 115,200 kuwa sallama 11,520 ce. In ƙwaƙwalwar tana can tana hidimar faifai ta yi jinkiri kaɗan, sabon harafi ya danne na baya, shi ke nan ya salwanta. Fayil ya iso da giɓi, a sake turowa, mai kwamfuta ya yi ta ɗora wa layin tarho laifin da ba nasa ba.

Kamfanin National Semiconductor ne ya kawo magani da guntun 16550A, mai ma'ajin haruffa 16, wanda ya riga shiga ya riga fita. Ana iya saita shi ya yi sallama bayan harafi 1, 4, 8 ko 14. Wannan dabarar tana burge ni ƙwarai: waya ba ta canja ba, ƙwaƙwalwa ba ta ƙara ƙarfi ba, yawan kira kawai aka rage. Sai dai dole manhaja ta kunna ma'ajin da kanta, in ba haka ba guntun zai ci gaba da aiki tamkar 16450. A kuma lura da harafin A ɗin nan, domin 16550 na farko ma'ajinsa na da tangarɗa.