Maganar ɗaurin wata shida kan gyaran Linux: ga abin da dokar ta ce

Tun shekaranjiya ake ta yawo da wani saƙo a guruf ɗin ɗalibanmu na nan Jidda da Madina, wai duk wanda ya tura gyara a manhaja irin Linux, wadda kowa ke iya aika wa masu kula da ita gyara, da imel ɗin jami'a za a iya ɗaure shi wata shida. Jama'a, an haɗa labari biyu ne aka dama.

Dokar da ake nufi ta Saudiyya ce ta 2010 (1431), kan ɗa'ar bincike a kan abubuwa masu rai, wato mutum da dabba da tsiro. Abin da take buƙata shi ne kafin ka yi gwaji da mutane kwamitin ɗa'a na jami'arka ya amince, su ma mutanen su sani su yarda. Ɗaurin wata shida da tarar riyal 200,000 suna ciki tabbas, amma su ne ƙololuwa, kafin su akwai gargaɗi da dakatar da binciken da hana mai binciken ci gaba. Kai da ka gyara kuskure a manhaja da zuciya ɗaya, wa ka yi gwaji da shi?

Ɗaya labarin a Amurka ya faru. Wasu masu bincike a Jami'ar Minnesota ne suka tura wa masu kula da Linux gyare-gyare masu ɓoyayyar ɓaraka da sunayen bogi, don su ga ko za a gano, ba su faɗa wa kowa ba, kuma sai bayan sun gama suka je wurin kwamitin jami'ar, shi kuma ya ce wai wannan ba bincike a kan mutane ba ne, kod, wato rubutun manhajar, ake gwadawa. To waye ke karanta kod ɗin, aljanu? Mutane ne, wasunsu ma ba a biyansu ko sisi.

A Afrilun 2021 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya hana jami'ar gaba ɗaya tura gyara. Babu kotu, babu ɗauri. An sake duba gyare-gyare 435 da suka fito daga can, mafi yawansu lafiya lau suke, masu binciken suka ba da haƙuri suka janye takardar binciken da suka rubuta.

Ni dai abin da ya tsaya min a rai, ɗaliban da ba su ji ba ba su gani ba an haɗa da su, alhali kwamitin da ya wanke aikin shi ya fi cancanta a titsiye. Idan risalarka ta kammala karatu ta shafi gwada mutane, ko da masu duba kod ne, ka fara zuwa wurin mushrif ɗinka, wato malamin da ke duba aikinka, a samo takardar kwamiti tukuna.